Ku Tambayi Anti: Masu kawo min yara lokacin hutu kawai suna neman karya min sana'a

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min da shawara don abin ya fara isata. Ni a Manchester nake, ina rainon yara a gidana, da rajistata da komai wajen Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da masu raino a Ingila. Ina da ƙanana uku 'yan ƙasa da shekara biyar da ake kawo min kullum, ɗaya daga ciki mamanta malamar makaranta ce, in an yi hutu ba ta kawo ta, sai wani yaro ɗan shekara bakwai da nake ɗaukowa in an tashi daga makaranta, sai nawa ɗan shekara shida. Fam 6 nake karɓa a awa, daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Matsalar masu kawo yara lokacin hutu kaɗai ce. Bara wata 'yar'uwa da muke haɗuwa a masallaci ta turo min saƙon murya tace in riƙe mata wajen yara biyu duk dogon hutu, kwana huɗu a sati, nace toh, har wata Baturiya ta zo nema nace mata ya cika, wallahi Anti saura sati ɗaya a yi hutu ta kira ni wai surukarta ta zo daga gida ba sai ta kawo su ba, ko haƙuri mai kyau bata bani ba. Yanzu kuma wata tana so in dinga ajiye mata gurbi duk hutu amma ba za ta biya komai ba sai ranar da ta kawo, in na yi maganar kuɗi sai a ce haba ai mu 'yan gida ne. Shin in karɓi kafin alƙalami? In mutum ya fasa ya halatta in riƙe? Kuma zan iya ƙara musu kuɗi fiye da na kullum? Ina jin kunya amma haya da kuɗin wuta basa jin kunyata. Daga ƙanwarki a Manchester.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Na karanta wasiƙarki raina ya sosu, don na zauna na buga lissafin abin da ya wuce ki bara: yara biyu, kwana huɗu a sati, sati shida, a fam 60 kowane wuni, fam 2,880 kenan. Wannan ba kuɗin da mace za ta ce Allah ya isa a ranta ta yi shiru bane sannan bana ta sake maimaitawa. Kuma ni ban ɗauka waccan baiwar Allah mugunta ta shirya miki ba, ita a ganinta magana ce kawai aka yi tsakanin 'yan'uwa, bata san cewa daga ranar da kika ce toh kin rufe ƙofa ga wasu ba.

Abin da nake so ki fara zaunar da shi a ranki shi ne gurbi kike sayarwa, kuma gurbin nan a ƙirge yake, ba ke kika ƙirga ba, doka ce. A Ingila mai raino ita kaɗai ba za ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas a lokaci ɗaya ba, a cikin shidan nan ƙanana waɗanda basu kai makaranta ba uku ne iyaka, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma ɗaya tak, sai in akwai wani uzuri da ƙa'idar ta yarda da shi kamar tagwaye ko 'yan uwa ɗaya. Kuma naki na cikinki yana cikin lissafin muddin yana hannunki. To duba gidanki in an yi hutu: 'yar malama ta tafi, saura ƙanana biyu, ga ɗan shekara bakwai da zai koma wuni, ga naki da zai zauna gida, huɗu kenan. Gurbi biyu ne kacal ya rage miki na 'yan ƙasa da takwas, su ne dai waɗancan biyun da aka sa kika riƙe aka bar miki su fanko. Kamar kujerar mota ce a tasha, in mutum ya kama ya sa jaka aka hana wani, mota ta tashi bai shiga ba, direba ba shi da inda zai samo kuɗin kujerar nan a hanya. 'Yan shekara takwas zuwa sama basa cikin shidan, amma sharaɗi ne kada zamansu ya tauye kulawar ƙananan, kuma ki duba takardar inshorarki ki ga adadin da ta ɗauka kafin ki cika gida da manya.

Yanzu ɗauki kalanda. Hutun makarantun gwamnati a Ingila wajen sati 13 ne a shekara, dogon hutu kusan sati shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sati biyu na Kirsimeti, biyu na Ista, sai hutun tsakiyar zango na sati ɗaya ɗaya a Oktoba da Fabrairu da Mayu. Ranakun suna bambanta daga ƙaramar hukuma zuwa ƙaramar hukuma, wasu makarantun ma su suke tsara nasu, ga kwana biyar na horon malamai da kowace makaranta ke zaɓar nata, don haka kar ki yarda da "duk hutu", ki ce a turo miki kwanan wata. Kafin ki buɗe wa kowa, ki fara cire naki hutun, ki ja masa jan biro, don mace mai rainon yara daga takwas zuwa shida in bata ware wa kanta sati ɗaya ko biyu ba jikinta ne zai ware mata. Sannan iyayen da suke tare da ke duk shekara su ne da haƙƙin fara zaɓa, ki basu kamar sati biyu su faɗi ranakunsu, abin da ya rage shi ne na masu hutu. Na dogon hutu ki buɗe tun bayan Ista, kar ki bari sai Yuli lokacin da kowa ya rikice.

Kafin alƙalami kuwa, eh ki karɓa, kuma kar ki rubuta sunan yaro a kalanda sai ya shigo asusu. Ni da zan tsara miki sai in ce a biya kashi ɗaya cikin huɗu na jimlar kuɗin a ranar da aka kama gurbi, sauran kuma a kammala sati huɗu kafin hutu ya fara. Wanda ya fasa kafin sati huɗun nan a mayar masa da abinsa, don kina da lokacin neman wani, wanda ya fasa bayan nan ya rasa kafin alƙalaminsa, ranar da aka kama kuma yaro bai zo ba saboda baƙi ko biki ko an tashi da kasala, an biya ta. In ke ce kika rufe saboda rashin lafiyarki, ke za ki mayar. Duk wannan a rubuce, ku biyu ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ƙungiyar masu raino ta Coram PACEY, wadda a da ake kira PACEY, tana da takardun yarjejeniya da aka riga aka tsara, kamfanonin inshora na masu raino ma da yawa suna bayarwa, ba sai kin ƙirƙiro daga kanki ba. Sai dai ki kula, dokar kare masu saye ta 2015 bata yarda da sharaɗin da ya yi wa mai biya tsauri fiye da kima ba, abin da za ki riƙe ya zama daidai da asarar da kika yi, in kin samu wani yaro ya cike ranakun to babu dalilin cin kuɗi biyu a kan gurbi ɗaya.

Maganar halacci da kika yi ta faranta min, don ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba. Irin wannan kuɗin da ake bayarwa a gaba da sharaɗin in an fasa ya zama na mai kaya, malamai sun yi saɓani a kai tun da. Imamu Malik, wanda mazhabarsa akasarinmu muka tashi a kai, bai yarda da shi ba, Imamu Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma a zamanta na 1993 a Brunei ta halatta shi in an ƙayyade lokacin jira, har a harkar haya da ɗaukar aiki. Ki kai wa malamin da kika amince da shi tsarinki yadda yake ya duba miki. Amma hanyar da nake ganin za ta fi kwantar miki da rai ita ce ki rubuta a yarjejeniyar cewa duk ranar da kika samu mai maye gurbin za ki mayar da kuɗin ranar, kuma ki cika wannan alƙawarin ko da fam 60 ne na wuni ɗaya. Iyaye suna lura da irin wannan, kuma suna faɗa wa juna.

Sai mai son ki ajiye mata gurbi duk hutu kyauta. A'a. Hanya biyu ce, ta zaɓi ɗaya. Ko dai ta dinga neman waje kowane hutu kamar kowa, in da sarari ta samu in babu ta haƙura, ko kuma ta kama ranakun shekara gaba ɗaya tun yanzu, a haɗa kuɗin a raba wata goma sha biyu tana biya kaɗan kaɗan. Misali kwana uku a sati na sati goma, kwana 30 kenan, fam 1,800, fam 150 a wata, ita ta samu sauƙi da tabbas ke kuma kin san abin da zai shigo. Akwai masu raino da suke karɓar kuɗin riƙe gurbi, galibi rabin farashi, a lokacin da yaro baya zuwa, wannan yana da ma'ana ne in da gaske kin hana wani saboda shi. A naki tsarin gurbin 'yar malama ne ke sakin kansa a hutu, don haka bana ganin adalci ne ki caji mai hutu wani abu na lokacin karatu, gurbin ai ba a zaune yake yana jiranta ba. Gaskiya ma sa'a kika yi, malama mai zangon karatu da ma'aikaciya mai hutu su suka fi dacewa a haɗa a gurbi ɗaya, sai dai ki tabbatar malamar ma a rubuce take cewa bata da waje a hutu, kar watarana ta ce za ta kawo ta kwana biyu ta je gyaran aji ki tashi da yara bakwai.

Ƙarin kuɗi kuma ba laifi bane, ke kike sa farashinki tunda kanki kike wa aiki. Yaron hutu yana ci fiye da jinjiri, yana son fita, ga kuɗin bas da tikitin shiga wurare da kayan zane, kuma ba shi da tabbas irin na mai zuwa duk shekara. Ki yi masa farashin wuni guda, ba na awa ba, ki faɗi abin da ke ciki, abinci da ƙananan fita, babbar fita kuma a sanar da iyaye tun da wuri. Kar ki karɓi "awa uku kawai da rana" a dogon hutu, zai cinye miki gurbin wuni ne a kuɗin awa uku. Kuma ki tuna musu abin da zai rage musu nauyi, don da yawa cikin 'yan'uwanmu basu san tunda kina da rajista suna iya biyanki ta tsarin Tax-Free Childcare ba, duk fam 8 da suka zuba gwamnati ta ƙara 2, har fam 2,000 a shekara ga kowane yaro zuwa shekara 11, masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit kuma ana iya mayar musu da har kashi 85 cikin ɗari na kuɗin raino sai dai su sai sun fara biya tukuna, irin waɗannan in kin yarda da su ki raba musu biyan sati sati amma kullum a gaba. Awannin kyauta na gwamnati na ƙanana, 15 ko 30 a sati, na sati 38 ne a shekara, in yaro ya cinye nasa a nazare lokacin karatu to na hutu daga aljihun iyaye zai fito, ki faɗa musu tun farko kar a zo ana cewa ai mun ɗauka kyauta ne.

Wani abin da ake mantawa, yaron da rabonki da shi tun Ista ba shi ne zai shigo miki a Yuli ba. Ya ƙara tsawo, ƙila an gano baya cin gyaɗa, ƙila an sa masa abin shaƙa na asma, ƙila iyayen sun canza lamba ko sun rabu. Kowane hutu ki sa a sake duba takardarsa, lambar gaggawa, abin da baya ci, izinin ba da magani a rubuce, izinin fita da ɗaukar hoto, da sunan wanda zai zo ɗaukarsa. In da mota kike fita ki ƙirga kujerun yara, doka tace sai yaro ya kai shekara 12 ko santimita 135 kafin ya daina hawa nasa. Sabon yaro kuma ya zo da mamansa na awa ɗaya kafin ranar farko, ya ga inda bayi yake da inda zai rataye jakarsa, ya ga fuskokin ƙananan, in ba haka ba safiyar Litinin ɗin farko za ki tsaya a ƙofa da jinjiri a kafaɗa ga ɗan shekara shida ya riƙe rigar uwarsa yana kuka ita kuma tana duba agogo. Af, tunda lokacin zuwan baƙi daga gida ne, in ke ma wani ɗan shekara 16 zuwa sama zai zo ya zauna a gidanki sai kin sanar da Ofsted an bincike shi, kuma ba a barin yaran mutane a hannunsa ko na minti biyar.

Kunya kuma, ƙanwata, Hausawa sun riga sun gama magana, kunyar mara kunya asara ce. Amma ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Kar ki yi maganar gurbi a harabar masallaci ko wajen suna, duk wadda ta tare ki ki ce mata bari in na koma gida in turo miki. Sai ki tura wa kowa saƙo iri ɗaya, Bahaushiya da Baturiya da 'yar Somaliya, kamar haka: "Salam Maman yara, na buɗe ɗaukar yara na dogon hutu, gurbi biyu gare ni. Ki turo min ranakun da kike so, zan turo miki jimla da takarda, in kafin alƙalami ya shigo sai in rubuta sunansu. Haka nake wa kowa bana don kar a samu saɓani." In aka ce ai mu 'yan gida ne sai ki ce shi ya sa na fara turo miki kafin in sa a waje. In kina son yi wa wata alheri ki yi da niyya, ki rage mata abin da kika ga za ki iya, ki rubuta ragin a takardar ta gani da idonta.

Tambaya: Anti barka da war haka. Ni a Kaduna nake, ina da ɗan wajen raino a gida, lokacin dogon hutu ma'aikata suna kawo min 'yan firamare su wuni. Damuwata sai a kawo yaro sati biyu a ɗauke shi a kai shi ƙauye ba sallama, in na nemi kuɗina a ce sai an yi albashi, daga nan shiru. Ga shi na ɗauki yarinya mai taya ni saboda su. Daga Maman yara, Kaduna.

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa. Ke ba ki da wata hukuma da ta ƙirga miki yara shida, amma kina da hannu biyu da ɗaki da albashin mai taya ki, su ne iyakarki. Dogon hutu a wajenmu yana kamawa ne daga ƙarshen Yuli, daidai lokacin da albashin watan yake shigowa, to ki sa rajistarki ta faɗo a kan wannan satin, a biya kafin yaro ya fara, ko na wata ko na sati biyu ga wanda na wata ya yi masa nauyi. Makarantun kuɗi ai haka suke yi kuma iyayen nan suna biya basu ce komai ba. Ki sayi littafin rasit, ki buɗe babban littafi mai sunan yaro da ranakun da aka biya da lambar uwa da ta uba. Mai taya ki kuma kar ki ɗauke ta sai kin ga yawan waɗanda suka biya, ki yi da ita na wata ɗaya tukuna. Abin da ya fi kuɗin ma damuna shi ne wanda zai ɗauki yaro, kar ki miƙa ɗan mutane ga mai adaidaita ko wani "kawunsa ne" sai wanda aka rubuta miki sunansa, in an canza uwa ta kira ki da bakinta. Kuma damina ce, yaron da ya zo da zazzaɓi a kira iyayensa su zo, kar ki bashi magani da kanki ki kwantar.

Tambaya: Anti ni uwa ce a Landan. Na biya mai raino kuɗin sati ɗaya na hutun Oktoba, ɗana ya tashi da amai ranar Talata, tace kar in kawo shi sai ya yi awa 48 da warkewa, kuma ba za ta mayar min da kuɗin kwanakin ba. Wannan ba zalunci bane?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya 'yata. Na san da ciwo, kin biya kuma kin rasa aikin kwana biyu. Amma awa 48 ɗin nan ba ita ta ƙirƙira ba, shawarar hukumar lafiya ce ga duk yaron da ya yi amai ko gudawa, a makaranta ma haka ne, kuma ranar da ɗan wata ne ya kamu ke ma za ki so a tsare shi a gida saboda naki. Kuɗin kuma ki koma ki karanta takardar da kika sa wa hannu, yawanci a rubuce yake cewa ciwon yaro ana biya, ciwon mai raino ne ba a biya. In babu wannan sharaɗin a ciki, ko ma ba ku yi takarda ba, kina da bakin magana, ki same ta cikin mutunci ki nemi ta mayar miki da kwanakin zuwa hutun Kirsimeti in tana da sarari.